Saba'in da Takwas

Shekara biyu Hamdiyya ta kwashe tana koya wa kwamfuta duba, in ji matan gidansu. Ba duba ba ne. Furotin doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyi, idan ta naɗe sai wasu na nesa su taɓa juna. Manhajar da ta rubuta don kundin digirinta na biyu tana hasashen waɗanda za su taɓu. Ta gwada ta a kan furotin ɗari huɗu da aka san siffarsu, ta ci kashi saba'in da takwas cikin ɗari. Malaminta ya sa hannu. Ranar Alhamis za ta kare kundin.

Mahaifinta Malam Gwadabe, dillalin shanu, bai fahimci ko harafi ba, amma ya baza labarin daga Talata Mafara har kasuwar Damri. Rago ma ya ɗaure don walima.

Ranar Litinin bayan la'asar ya ce ta nuna masa. Ta bayyana masa cewa furotin aji-aji ne: masu murɗewa kamar igiya, masu shimfiɗewa kamar saƙar tabarma, da masu haɗa biyun.

"To kowane kinka auna daban?"

"A haɗe na auna su, Baba."

"Ke ɗiyag ga! Ni ko kallo ban haɗa shanun bokolo da na rahaji. Kowace da nata hali."

Dariya ta yi, ta ware su don ya ga ba komai. Masu tabarma suka ba da tamanin da biyar. Masu murɗewa kuwa, talatin da ɗaya. Ba su da yawa a cikin ɗari huɗun, shi ya sa sauran suka rufa musu asiri. Kuma furotin ɗin da ta gina babi uku a kansa mai murɗewa ne.

Ta sake ƙirgawa har sau huɗu, lambar ta ƙi motsi. Babu wanda ya sani sai ita da tsohon da ko karanta lambar bai iya ba. Ta ji haushinsa sosai, ta kuma ji kunyar haushin.

Kafin magariba ta kira malaminta ta faɗa masa. Ya ce kare kundin sai baɗi.

Malam Gwadabe yana tsaye wajen ragon, bai juyo ba.

"Da na yi shiru, da kin wuce?"

"Da na wuce, Baba."