Jiƙon Tanti Huefa

"Ba zan sha ba," na ce.

Tanti Huefa, yayar mahaifina da ta riƙe ni a Kwatano tun ina ƙarama, tana tsaye a kaina da kofin sodabi, barasar bammi da aka jiƙa saiwoyi da citta a ciki. Da hantsi muka dawo daga asibiti, inda aka cire mini cikin da na ce ba zan riƙe ba. Ita ta raka ni, ita ta riƙe mini jaka, ba ta zage ni ba.

"Sha, Senami 'yata. Mugun jini ne, sai ya fita tas. Duk macen gidan nan da wannan na wanke ta, har uwarki."

"Ungozoma ta ba ni ƙwayoyi, Tanti. Ɗaya ta tsuke mahaifa jinin ya ragu, ɗaya ta ciwo da tashin zuciya. Ta ce ban da barasa, ban da gasa ciki."

"Ji 'yar jami'a! Ni ina buɗewa, ita tana toshewa? Yarinyar da na girmi uwarta?"

"Ke ai kin girmi kowa, Tanti, har kwalbar sodabin nan."

Ba ta yi dariya ba.

Da la'asar mara ta murɗa ni, sanyi ya rufe ni, haƙorana na karo. Na cije bakin zane don kada ta ji nishina. Ta shigo da ruwan zafi da tawul, na dunƙule na rungume cikina. Sai ta zauna a bakin tabarma tana hawaye.

"Ƙanwata Dosi da jini a ciki ta mutu. Kina so in sake binne wata?"

Na san tsoro ne yake magana, na kuwa ji tausayinta har raina. Na haɗiye ƙwayata da ruwa a gabanta.

Jinin ya yi ta raguwa, kafin mako ya zagayo na koma aji da ƙafata. Amma a gidanmu wadda ta ƙi hannun mai wanke matan gida ta ƙi shi har abada. Tanti tana ajiye mini tuwon masara da kifi a bakin ƙofa, ta juya. Ta ce ranar da zan haihu in nemi wata. Na warke, ban sha ba, amma tun ranar ba ta ƙara ce mini 'yata ba.