Ramar Anti

Shekara tara Anti tana aikin ba da shawara a ɗan ɗakin da ke bayan wurin karɓar magani a asibiti, kuma in za a faɗi gaskiya, jikinta ya fi bakinta aiki. Duk wadda aka gwada aka ce tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, nan ake turo ta tana kuka. Sai Anti ta miƙe, kujerar roba ta samu ta huta, ta daki ƙirji ta ce, "Ni ma ina da ita. Kin ga alamar mutuwa a nan?" Mace ta dubi wannan damtse, ta yi dariya cikin hawaye, ta karɓi maganinta.

Ana nan likita ya ce ciwon sukari ya kama Anti, ko ta rage ƙiba ko ta rasa ƙafa. Ta rage. Cikin wata biyar ta daina haki, gwiwa ta sake ta. Rabon da ta ji daɗin jikinta haka tun tana budurwa.

Kuskurenta ɗaya, ta kai wa wata tela rigunanta a rage. Telar nan ita ma maganin take karɓa a wurinta, ga ciki wata shida.

Ranar karɓar magani telar ta zo da rigunan a leda, ta ajiye kwalbar maganinta ta watan jiya a kan tebur, cike.

"Anti, inci bakwai na cire. Ni tef ba ya yi mini ƙarya."

"Sukari ne, ƙanwata. Da gangan na rame."

"Wa yake ramewa da gangan?" Ta sunkuyar da kai. "Shekara tara kina sha, ga inda ya kai ki. Ba zan ba ɗana abin da ke cin mutum ba."

Anti ta fito da takardar gwajinta, ta kira nas ta yi shaida, ta rantse. Ta ce in ba maganin nan, jaririn zai iya ɗauka. Telar sai gyaɗa kai take yi na ladabi, wanda ya fi musu ciwo.

"Allah ya ba ki lafiya, Anti. Ki yafe ni in na taɓa ɓata miki."

Ta fita, ta bar kwalbar.

Tsoro ya kama Anti. Ta ƙirga da yatsu, wata uku ya rage a haihu. Ko me za ta ci, ba za ta mayar da inci bakwai a wata uku ba, ta sani sarai. Duk da haka da aka tashi ta tsaya a shagon bakin ƙofa, ta ce a ba ta lemon kwalba biyu da burodi babba.