Reshe na Takwas

Aikin Auta shi ne tsayuwa a bakin titi tana kallon mutane. Haka take faɗa wa duk wanda ya tambaye ta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Kamfanin da take wa aiki yana da kantuna bakwai na kayan abinci, amma ba irin na kowa da kowa ba: abincin masu ciwon suga da hawan jini, madarar yaran da cikinsu ba ya karɓar ta shanu, garin alkama da dusarsa, zuma, man zaitun, busassun 'ya'yan itace. Duk lokacin da za a buɗe sabon reshe, ita ake turawa ta nemo wurin. Sai ta ɗauki littafinta da 'yar na'urar ƙirge da ake dannawa da babban yatsa, ta kwashe kwanaki tana ƙidaya masu wucewa, safe da yamma, ranar aiki da ranar hutu.

Da aka zo kan reshe na takwas, Manaja ta ajiye mata hotunan wurare biyu a kan tebur. Na farko sabon gini ne a babbar mahaɗa, gabansa duk gilashi, ga filin ajiye mota ashirin. Na biyu tsohon shagon kujeru ne can ƙarshen layin bas, kusa da wani ƙaramin asibiti, fentinsa duk ya ɓare.

"Na biyun don a cika takarda na sa shi," in ji Manaja. "Ki duba su duka, amma kin san inda raina yake. Mako biyu na ba ki."

A gida kuwa wata damuwa ce ke jiran ta. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyarta, kuma tun ranar Baba bai taka ƙofar gida ba sai da dalili mai ƙarfi. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas, wanda a da bakinsa ba ya hutawa, yanzu sai ya wuni a kujerar bakin taga, rediyo a cinyarsa a kashe. Likita ya ce lallai ya riƙa fita yana motsa ƙafa. Yayanta da ke can nesa kullum sai ya bugo waya ya ce, "Ki fitar da shi mana," kamar Baba tulu ne da za a ɗauka a ajiye a waje.

Ranar Litinin da safe sai ta yi dabara.

"Baba, motar nan tana wani ƙara idan na taka burki. Ko za ka raka ni ka ji?"

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Ƙara wane iri?"

"Ƙiii, haka."

"Mota ba ta cewa ƙiii, Auta. Ke ce dai ba ki iya faɗa ba." Amma ya miƙe ya nemi hularsa.

Har suka isa mahaɗar, motar ba ta ce uffan ba, shi ma bai ce ba. Ta faka a gaban sabon ginin, ta sauke gilashi ta fara dannawa. Motoci na ta kwarara kamar ruwa. Cikin awa ɗaya na'urar ta haura ɗari shida. Baba yana zaune ya harɗe hannu, ta ɗauka ma barci yake yi, sai ta ji ya ce:

"Wai me kike ƙirgawa?"

"Masu wucewa, Baba. In sun yi yawa, kanti zai samu masu saye."

"To ai kin faɗa da bakinki. Masu wucewa." Ya nuna titin da haɓa. "Nan gangara ce. Duk direba yana sakin mota ne don ya riski fitila kafin ta yi ja. Wa zai taka burki don zuma? Kuma wannan hannun na masu tafiya aiki ne. Mutum ba ya sayen cefane zai tafi ofis, sai in zai koma gida. In zai koma kuwa yana can wancan hannun, ga shingen ƙarfe a tsakani, ba wurin juyawa sai ya wuce gada."

Auta ta san da maganar hannun komawa gida, tana cikin abin da aka koya musu. Amma gangarar da fitilar ba sa cikin kowace taswira. Ta rubuta. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, rabon da ta ji Baba ya jera magana mai tsawo haka tun kafin rasuwar.

Washegari da ta fito ta same shi a tsakar falo da takalmi a ƙafa. "Mu je in sake jin burkin nan," ya ce, bai dube ta ba.

Ranar suka nufi ƙarshen layin bas. Unguwa ce ta tsofaffin gidaje, titinta bai da faɗi, da wata babbar bishiya a gefen tasha. Ba su gama fitowa daga mota ba sai ga wani mai gyaran takalma ya watsar da guduma ya taso.

"Direba! Kai ne? Ashe kana nan!" Ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya yi masa gaisuwar rashi, ya janyo masa benci. Wata ma'aikaciyar jinya da za ta tsallaka titi ita ma ta tsaya, ta ce ai shi ne yake jiran ta in ta makara, ya yi ta latsa hon yana faɗa amma ba ya tafiya. Baba ya yi dariya, 'yar gajeriya, kamar wadda ta yi tsatsa.

Auta ta tsaya a gaban shagon kujerun tana dannawa. Awa guda, mutum ɗari da arba'in. Ta girgiza kai.

Baba ya taso ya tsaya kusa da ita. "Yau Talata ko? Ki bari sha ɗaya ta yi."

Sha ɗaya da 'yan mintuna sai ƙofar asibitin ta fara fitar da mutane, galibi dattawa, kowa da 'yar farar takarda a hannu. Suka taru a inuwar bishiyar suna jiran bas.

"Talata da Alhamis ake ganin masu suga da hawan jini," in ji Baba. "Takardar nan da kike gani, abin da za su ci da abin da za su bari ne. Shekara nawa ina ɗaukar su. Su shigo su ce, Direba, ina ake samun kaza? Sai in ce su sauka a tsakiyar gari su sake hawa wata motar. Rabi ba sa zuwa. Ƙafa ba ta kai su." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Mamanku ma nan take zuwa. Kujerar bayana take zama. Ta ninke takardar ta sa a jaka ta ce kada in gaya muku, kuna da abin da ya dame ku."

Auta ta daina danna na'urar. Ita da ke aiki a kamfanin da ke sayar da duk abin da ke cikin takardar nan, sai a shekarar ƙarshe ta san ciwon ya yi nisa haka. Baba ya lura. Ya ɗora hannu a kafaɗarta, abin da ba ya yi.

"Ba laifinki ba ne. Kin san ta da taurin kai. Ni kaina sai da na yi wata shida ina kai ta kafin ta yarda ba ziyara take zuwa ba." Ya nuna ƙofar shagon. "Amma matakalar nan uku, in kun karɓi wurin ku fasa ta. Mai ciwon gwiwa in ya ga matakala, ya fasa shiga."

Sauran kwanakin Auta ta sauya yadda take aikin. Ta daina ƙirga masu wucewa kawai, ta koma ƙirga masu tsayawa: minti nawa suke yi a tasha, su wa ke riƙe da jaka, su wa ke dawowa kowane mako. Ta zauna a benci ta yi hira da su. Baba ne ke buɗe mata hanya, don duk wanda ya ƙi kula ta, da ya ce "'yata ce" sai baki ya buɗe.

Ranar da ta kai rahoto, Manaja ta karanta har ƙarshe ba ta ɗago ba. Sannan ta cire tabarau.

"Dubu huɗu a rana, ki bar shi ki ɗauki dubu da ɗari uku? Me zan gaya wa masu kamfani?"

"Ranki ya daɗe, dubu huɗun a guje suke. Waɗannan kuwa a zaune suke, minti ashirin, ashirin da biyar, da takardar sayayya a hannu da likita ya rubuta musu. Kuma ciwon nan ba na mako ɗaya ba ne. Wanda ya zo wannan watan zai zo wata mai zuwa. Ki zo ranar Alhamis ki gani da idonki."

Manaja ta zo. Ta tsaya a ƙarƙashin bishiyar da takalminta mai tsini, fuska a ɗaure. Wata tsohuwar malamar makaranta ta ɗauka ma'aikaciyar asibiti ce, ta miƙa mata takarda ta ce, "'Yar nan, taimaka ki karanta mini layi na uku, rubutun likitan nan sai shi." Manaja ta karanta. Abu huɗu ne, kuma duka huɗun suna kan kantar kowane reshe nasu. Ta mayar da takardar a hankali, ta juya wajen Auta.

"A fasa matakalar," kawai ta ce.

Bayan wata uku aka buɗe. An yi fenti, an sa ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, an buga katin tara maki na masu yawan saye kamar yadda ake yi a sauran rassa. Sai dai mako na farko ya wuce, na biyu ya bi shi, kantin kamar an share. Mutane su leƙo ta gilashi, su gyara riƙon jaka, su koma inuwarsu. Auta ta rasa abin da ke mata daɗi. Ko abinci ta zuba sai ta yi ta juya cokali.

"Ci abincinki," in ji Baba. "Tsoro suke ji. Wuri yana ƙyalli, ƙofa a rufe, ga mai gadi da kaki. Sun ɗauka na masu mota ne. Ni ma da ban san ki ba, ba zan shiga ba."

Ta kai maganar gaba, ta dage har aka yarda. Aka buɗe ƙofar aka tokare ta. Aka rubuta farashi da manyan baƙaƙe a allo a waje. Manyan ledoji aka raba su ƙanana, yadda mutum zai ɗauki na mako guda. Aka sauko da kayan da aka fi nema zuwa kantar tsakiya, ba sai an yi ɗage ko an sunkuya ba. Aka sa dogon benci a ciki, inda ake hango bas in ta shigo. Mai karɓar kuɗi kuma aka ce duk wanda ya zo da takarda, ta karɓa ta karanta masa, ko zai saya ko ba zai saya ba.

Malamar makarantar ce ta fara shiga, ita ma Baba ne ya rako ta har bakin ƙofa yana cewa, "Shigo ki huta kawai, Malama, zama kyauta ne." Ta zauna, ta huta, ta fita da ƙaramar ledar gari. Ranar Alhamis ta dawo da mutum biyu. Katin tara makin kuwa yawancinsu mantawa suke da shi a gida, sai mai karɓar kuɗin ta tanadi wani akwati tana ajiye musu, kowa ta san fuskarsa ta san katinsa. Kafin shekara ta zagayo, reshe na takwas bai kai manyan rassan ciniki ba, amma babu reshen da ya kai shi yawan masu dawowa. Manaja da kanta ta sa aka kai benci sauran bakwai ɗin.

Baba bai zama ma'aikaci ba, ba a kuma taɓa ba shi wani muƙami ba. Kawai dai Talata da Alhamis yana can tun goma, shi da mai gyaran takalma, suna musu a kan komai. Ya san wanda sugansa ya sauka, ya san wadda jikanta ya ci jarrabawa.

Wata safiya Auta ta fito da sababbin hotuna a hannu.

"Baba, an ba ni na tara. Can gefen kudu ne, hanyar da ka yi shekara shida kana bi. Mu je?"

Yana ɗaure igiyar takalmi. "Yau ba zai yiwu ba. Malama mako biyu ba ta zo ba. Yarinyar kanti ta haɗa mata kayanta, ni da mai takalma za mu kai mata mu ga ko lafiya."

"Kun san gidan?"

"Auta, shekara goma sha ɗaya ina sauke ta a ƙofar gida, ba tasha ba ce ma, don dai ƙafarta." Ya miƙe ya karɓi hotunan, ya duba na farko, ya duba na biyu, ya ɗan taɓe baki. "Wannan na kusa da gidan man, in an yi ruwa mota ba ta shiga layin. Ki tambayi masu shagunan wurin, za su gaya miki. Ranar Asabar in Allah ya kai mu sai in zo in duba miki ɗayan."

Ta sauke shi a tasha. Mai gyaran takalma yana jiran sa da leda a hannu, ya sa riga mai tsabta. Ta ɗan jima tana kallon su ta madubi, tsofaffi biyu suna tafe a hankali suna gardamar ta wane lungu ya fi kusa, sannan ta ba da sigina ta hau titi.