Sunan da Koci Bai Taɓa Kira Ba

Tun kafin motar kwaleji ta fita daga Gwandu Mujtaba ya fara faɗa. Yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, 'yan wasa a bayansa suna dukan jikin mota suna waƙa, shi kuwa idonsa na kan tsohon da ke zaune a kujerar gaba da carbi a hannu.

"Baba Koci, yau fa wasan ƙarshe ne. Wa zai buga gefen hagu?"

"Wanda ya saba bugawa," in ji tsohon, ko waiwayowa bai yi ba.

"Isa? Isan da idon sawunsa ya kumbura tun ran Talata?"

"Shiga mota, Mujtaba. Kana tsare wa direba hanya."

Tsohon nan, Malam Abdulgani, ya haura shekara talatin yana koyar da ƙwallo a kwalejin nan. Da ya zo, filin gonar dawa ce. Shi da ɗalibai suka tuge kututturan da hannu, suka kafa turakun giginya a madadin raga. Ya sha kai 'yan wasa gasa a bayan motar ɗaukar albasa. Yaransa na dā yanzu wasu malamai ne, wasu 'yan kwastan, wasu har sun yi furfura, kuma duk inda suka gan shi sai sun durƙusa. Mujtaba ma ɗaya ne daga cikinsu. Ya buga baya a hannunsa, ya je ya karanto ilimin motsa jiki, ya dawo aka ba shi mataimakin koci. Yana son tsohon kamar uba. Abu ɗaya ne kawai yake hana shi barci, kuma abin na zaune a kujerar can baya, ya jingina kai da taga: Sahabi.

Duk kwalejin babu mai gudu da ƙwallo a ƙafar hagu kamar Sahabi. Kowa ya sani, har masu sayar da rake a bakin fili. Amma shekara uku ke nan yana ɗumama benci, saboda shi ne ɗan farin Malam Abdulgani. Tun yana jariri aka kai shi Dalijan wurin kawunsa, can ya girma, kamar yadda ake yi da ɗan fari a gidajensu. Uban bai taɓa kiran sunansa ba. In zai yi magana da shi a fili sai ya ce "kai, mai lamba sha huɗu," in kuma zai yi maganarsa sai ya ce "yaron can." Shi ma yaron in ya hango uban tafe, sai ya sunkuyar da kai ya bi ta wata hanya. Mutane suna yabawa, suna cewa ga kunya, ga dattako, ga kocin da ba ya son kai. Mujtaba kuwa in ya ji wannan yabo sai jininsa ya tafasa. Ana yaba wa uban, yaron ne ke asara.

Yau ce damar ƙarshe. Wasan ƙarshe ne na kofin kwalejoji, a filin Kalgo, kuma an ce mai zaɓar 'yan wasan jiha zai zo daga Birnin Kebbi ya kalla. Wanda bai shiga fili ba, ba mai ganinsa. Sahabi kuma wannan zangon yake gamawa. In aka tashi wasan yana benci, sai Dalijan da fadamar kawunsa.

Filin ya cika maƙil bayan La'asar. An yi ruwa da safe, ciyawa ta yi santsi. 'Yan Kalgo sun zo da kalangu da robobin da suka mayar ganguna, 'yan Gwandu sun biyo a kan babura har daga Masama. Da aka hura usur, Mujtaba ya manta da zama. Yana gudu bakin layi yana ihu, yana nuni da hannu biyu. Tsohon kuwa yana tsaye wuri guda kamar kullum, hannu a baya, hula a karkace.

Ba a jima ba 'yan Kalgo suka gane inda rauni yake. Isa yana ɗingishi, duk ƙwallon da aka tura masa sai an ƙwace. Ta wannan gefen suka kwararo, aka ɗago ƙwallo, dogon ɗan gabansu ya sa kai. Raga ta girgiza. Kalangu ya ɗauka.

"Ku koma gida ku ci tuwo!" wani ya yi ihu daga cikin 'yan kallo. "Kun kawo mana gurgu!"

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Mujtaba ya ja tsohon gefe, bayan motar, inda yara ba za su ji ba. Ya cire hularsa ya riƙe, don kada a ce ya yi rashin kunya.

"Baba, don Allah ka dubi Isa. Takalminsa ma ba ya cirewa saboda kumburi."

"Akwai wasu a benci."

"Akwai guda ɗaya. Ka san shi, na san shi."

"Mi mutane za su ce? Shekara talatin ban taɓa..."

"Mutane sun ce abin da za su ce, Baba! Sun yaba maka, mun ji, mun gode. Shi fa? Wa ya taɓa tambayarsa? Da ɗan wani ne, wallahi da kanka za ka je har gidansu ka roƙi ubansa ya bar shi ya buga. Kai ka je Masama a ƙafa saboda ni, lokacin da babana ya hana ni. Ka manta? Duk 'ya'yan mutane ka tsaya musu. Laifin wanga yaro ɗaya shi ne kai ka haife shi?"

Tsohon ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana jan carbi, ba ya ƙirga komai.

"Kai ne mataimaki," ya ce a hankali. "In ka ga canji ya kama, yi. Ni ban ce ba."

Mujtaba bai tsaya godiya ba. Ya zagayo mota da gudu har ya kusa zamewa. "Sahabi! Tashi! Cire wannan rigar, ɗaure takalminka!"

Kyaftin ya fashe da dariya ya daki bayan yaron. "Kai, ango! Yau an buɗe ka!"

Aka dawo fili, aka sauya raga. Sai ga wata matsalar da Mujtaba bai taɓa hangowa ba. Yanzu gefen hagu na Gwandu shi ne gefen benci, daidai inda Malam Abdulgani yake tsaye. Sahabi ya zo bakin layin sau ɗaya, ya ga inuwar ubansa a kan ciyawa, ya sunkuyar da kai, ya sulale ya koma tsakiya. Can ya maƙale cikin 'yan baya uku, ana ture shi, ana taka shi. Gefen hagu kuwa ya zama fili fetal, ko akuya za ta iya kiwo a wurin.

"Buɗe! Fito gefe!" Mujtaba yana ihu har muryarsa ta dishe. "Sahabi, nan! Nan!"

Yaron ya ji. Yakan taho kamar zai zo, in ya ɗaga ido ya ga wanda ke tsaye, ƙafarsa sai ta mayar da shi. Tun yana ƙarami bai taɓa tsayawa a gaban wannan mutum ba, balle ya yi gudu da tsalle. Mujtaba ya dubi rumfar manyan baƙi, ya ga mutumin Birnin Kebbi yana hamma yana duba waya. Ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi birgima.

Ya juyo wurin tsohon. "Baba, ko ka koma ka zauna a mota, ko ka kira shi. Ɗaya cikin biyu. Ni ba zai ji nawa ba."

Tsohon bai gusa daga inda yake ba. Amma hannayensa sun bar baya. Lokaci na tafiya, 'yan Kalgo sun fara fitar da ƙwallo waje da gangan, magoya bayansu suna waƙar kofi. Sai mai tsaron gidan Gwandu ya cafke wata ƙwallo, ya jefa wa kyaftin, kyaftin ya ɗago kai yana neman wanda zai ba. 'Yan bayan Kalgo duk sun taru a tsakiya. Hagu babu kowa.

Malam Abdulgani ya taka har kan layi. Muryar da ta yi shekara talatin tana ratsa filaye ta fito gaba ɗaya.

"Sahabi! Taho nan gabana! Gudu!"

Har masu kalangu sai da suka waiwayo. Yaron ya tsaya cak kamar an watsa masa ruwa, sannan ya ɓalle. Kyaftin ya ɗaga ƙwallo ta sama, ta faɗo daidai gaban tsohon, Sahabi ya tare ta da ƙirji ko ƙasa ba ta taɓa ba. Ɗan baya ya taho da zamiya, ya tsallake shi. Na biyu ya taho, ya karkata kamar zai shiga ciki, ya bi ta waje, mutumin ya zauna daɓas a cikin laka.

"Tafi, Sahabi! Tafi! Kada ka tsaya!" Tsohon yana bin layi da gudu, hula ta faɗi, carbi na lilo.

Daga kusurwar da babu mai zaton za a buga, yaron ya saki ƙafar hagu. Ƙwallo ta daki cikin turke ta faɗa raga.

Mujtaba bai san lokacin da ya tsinci kansa a ƙasa ba, 'yan benci a kansa, wani na ihu a kunnensa. 'Yan Masama suka kunna babura suna ta hon. Kafin 'yan Kalgo su farfaɗo, Sahabi ya sake zubowa ta gefen nan, yanzu ko kallon inuwar ba ya yi, ya gara wa kyaftin ƙwallo a bakin raga, kyaftin ya zura ta. Biyu da ɗaya. Da alƙalin wasa ya hura tashi, fili ya rikice.

Ana cikin wannan hayaniya mutumin Birnin Kebbi ya ratso jama'a. Ya ce sunansa Umar Faruk, ya miƙa wa Malam Abdulgani hannu biyu.

"Koci, barka. Mai lamba sha huɗun nan, ina kuka ɓoye shi? Ina son ganinsa a sansaninmu ranar Litinin. Ɗan wane ne? Sai mun nemi yardar mahaifinsa."

Tsohon ya karɓi hularsa daga hannun wani, ya kaɗe lakar, ya daɗe yana gyara mata zama. Sahabi na tsaye can nesa, kofi a hannunsa, kai a ƙasa.

"Ɗan Gwandu ne," in ji tsohon.

Mujtaba ya buɗe baki, wuyansa ya kumbura, ya riga ya ɗaga hannu. Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Kai dai ba ka da haƙuri, Mujtaba. Bari in ƙare." Ya dubi baƙon. "Mahaifin nasa ya yarda. Ga shi gabanka."

Sannan ya juya, ya ɗaga murya kaɗan, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Sahabi. Taho ka gaida baƙo."