Tsutsotsin da Suka Naɗe

Ta toshe hanci da hannun rigarta, ta buɗe faranti na gaba. Warin abincin tsutsotsin ya bugo ta kamar tsumman da ya kwana a jiƙe. Da ta leƙa madubin ƙara girma, ga su nan birjik, farare, suna mutsu-mutsu a kan juna.

Ita fa tsirrai ta so karanta, aka jefo ta ɗakin binciken nan. Yau dai ta ƙudura za ta roƙi Malama, shugabar ɗakin, ta sake mata sashe.

"'Yar ƙyanƙyami, kar ki yi mana amai a faranti," in ji Doguwa, wadda ta girme ta a karatu. "Sun ƙoshi."

Aikinta shi ne ta riƙa ɗaukar tsutsotsi da siririyar waya tana mayarwa sabon faranti kada yunwa ta kashe su. Masu kuzarin nan nannaɗe wayar suke yi, tsigar jikinta ta tashi. Shi ya sa tun da ta zo take tsallake su, tana tsintar waɗanda suka naɗe wuri guda, ba sa ko motsin kirki.

Malama ta shigo, ta ja farantinta ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Wa ya ware waɗannan?"

"Ni ce, Malama. A yi haƙuri, ni dama..."

"Doguwa, zo ki gani!" in ji Malama, sannan ta juyo ga mai farantin. "Jijiya ba ta da ido, 'yata. Ƙwayoyin jikin da ke wajen ciki ne ke sakin sinadari, ita kuma ta bi shi tana tsirowa. Waɗannan ba su ji kiran ba, jijiyarsu ta ɓace hanya, shi ya sa suka naɗe. Su muke nema tun bara!"

Doguwa ta leƙa, ta taɓe baki. "Ikon Allah. Mu muna ta kashe ido."

"Ba zan bar hannun nan ya tafi ko'ina ba," in ji Malama. "Har ki gama, ke da su ne. An ce kina nemana da magana?"

Ta dubi Malama, wadda ba ta taɓa yi mata murmushi ba sai yau. Ta haɗiye roƙon da ta zo da shi.

"Dama tagar nan ce, Malama. Ko za a riƙa buɗewa."