Katin da Ya Tsaya wa Prudence

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don mai labarin kunya gare ta.

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas, wata ma'aikaciya, Madam Angela, ta tsaya sayen lemo a Zuba. Ta ga yadda Prudence, 'yar mai rumfar, ke zaɓar mata lemon da natsuwa, ta ce ta zo Garki ta riƙa yi mata girki, amma ta ba da amsa kafin Litinin. Prudence na so, tana kuma tsoron barin rumfar uwarta.

Ranar Lahadi da la'asar ta je wurin Mama Lucy mai duba da karta a bayan 'yan ayaba. Da aka tambaye ta abin da ya kawo ta, sai kunya ta kama ta, ta ce wata ƙawarta ce ta aiko ta.

Mama Lucy ta ce ai ba a duba sai an fara cire katin da zai tsaya a madadin mai tambaya: ja ga fara, baƙi ga baƙa, sarauniya ga matar aure. Ƙawar wace iri ce? Prudence, baƙa wuluk, ko saurayi ba ta da shi, ta ce fara ce, da aurenta.

Tsohuwar ta ajiye jar sarauniya a tsakiyar tire, ta jera wasu kewaye da ita. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kada matar nan ta motsa ko'ina, ta zauna ta kula da mijinta, ga ciki ma na tafe.

Prudence ta ɗauka da ita ake. Har ta miƙe, sai Mama Lucy ta zaro wani baƙin kati daga waɗanda ba a taɓa ba, ta ɗaga shi kusa da kumatun Prudence.

"Wannan fa, 'yata, ba wanda ya tambaya mata komai. Ba miji, ba ciki. Ƙafarta tata ce."

Prudence ta rufe fuska da gyale, dariya na cin ta. Tsohuwar ta ce a gaida mata farar ƙawa, Allah ya sauke ta lafiya.

A gida ta daure ta gaya wa uwarta zancen Garki. Uwar ta ci gaba da tankaɗe, ta ce dama ta ji a bakin 'yan kasuwa, jira take ta ga yaushe bakin zai buɗe.

Da gari ya waye, Prudence ta jera wa uwarta lemon ranar, ta zaɓi shida masu kyau ta ƙulle a ɗankwali, ta hau motar Garki.