Ranar da Kukar Sambo Ta Wuni Ba Wuta

Kwana goma sha ɗaya Munzali ya yi tsakanin Legas da ƙasar Daura, tafiyar da a ƙa'ida ba ta wuce kwana huɗu. Uku daga ciki a layin daffon mai suka tafi, yana jiran a kira lambarsa. Da aka yi masa lodi, wata tirela ta faɗi ta gicciye titi a gaban Mokwa, nan ma kwana biyu. Taya ta fashe masa kafin Zariya. Shingayen bincike kuwa tuni ya daina ƙirga su. Shekara goma sha tara yana jan tankar mai, jira ya zame masa jiki, ko tsaki ya daina yi.

Ya wuce Daura da hantsi, ya ɗauki hanyar Zango da fetur lita dubu arba'in da biyar a bayansa. An kwana ana ruwa, gero ya yi kore shar dama da hagu. A bakin wani ƙauye da ake kira Kukar Sambo, amalanken shanu ya ɓullo masa daga gona, Munzali ya kauce gefe. Ashe ruwa ya cinye ƙarƙashin kwalbatin. Ya ji bayan motar ya zauna a hankali, tankin ya karkata, ya karkata, sannan ya tsaya.

Ya kashe mota ya diro. Tayoyin baya na dama sun nutse cikin laka. Sai kuma hancinsa ya faɗa masa abin da yake tsoro: fetur na tsattsafowa daga murfin sama, yana bin jikin tankin yana ɗiga ƙasa. Ya waiga. Taku talatin daga nan, wata dattijuwa tana tuyar ƙosai, wuta na ci bal-bal a ƙarƙashin kaskonta.

Bai san sanda ya isa gabanta ba.

"Inna, don girman Allah kashe wutar nan! Fetur ne yake zuba."

Ta dube shi, ta dubi motar. Ba ta tambayi komai ba. Ta sauke kaskon, ta juye ruwan bokiti a murhun, ta bi da ƙasa.

"To, ɗan nan, sai kuma me?"

"Duk wutar da ke kusa, Inna. Ko sigari, ko babur a kunne. Kada kowa ya matso."

Sunanta Murjanatu, kuma daga baya Munzali ya ji cewa rabin mutanen garin a hannunta aka haife su, don ita ce ungozoma kafin gwiwa ta hana ta yawo. Ta ɗaura gyale a ƙugu ta shiga gari tana ɗingishi, gida-gida. Yana jiyo muryarta tana kiran mata da sunayensu. Kafin rabin awa, hayaƙin da ke tashi ta bayan darni ya ɗauke ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuma ya kira Harisu, manajan gidan man da zai sauke wa kaya. Harisu ya ce babu tankar da ba kaya a Daura, sai daga Kano, ita da injin juye da janwe. Ya yi haƙuri zuwa la'asar.

La'asar! Munzali ya dubi rana, ko tsaka ba ta yi ba.

Mai unguwa Ya'u ya zo da magidanta da fartanya da kwanduna. Suka riƙa ɗebo yashi suna zubawa inda man ke ɗiga, suka tare hanya da ƙirare ta gabas da yamma, ana juya motoci su bi ta bayan gari. Har hankalin Munzali ya fara kwanciya, sai ga labari ya kai ƙauyukan kewaye. Wajen azahar babura suka fara isowa, kowanne da jarka biyu ko uku a ɗaure. Suka tsaya a bakin ƙiraren, sun kai mutum arba'in.

Ya taɓa wucewa ta inda irin wannan taron ya ƙare da gobara, ya ga takalma zube a titi ba masu su. Ya fita gabansu yana roƙo. Wani dogo ya ce ai man da ya zuba ƙasa ba na kowa ba ne, ya ɗaga ƙafa zai tsallake.

Inna Murjanatu ta sa aka mirgino mata turmi. Ta kife shi a tsakiyar titi, tsakanin mutanen da motar, ta zauna ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

"Kai, Kabiru ɗan Amatullah," ta ce da dogon, "ni na yanke maka cibi. Zo ka wuce ta kaina ka ɗiba. Idan ta tashi, mu tafi tare, ka ga uwarka ta huta da zuwa gaisuwa biyu."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, dogon ya janye ƙafarsa yana sosa ƙeya. Ba su tafi ba, amma ba wanda ya sake matsowa. Mai unguwa ya miƙa wa wasunsu kwanduna, ya ce tun da sun zo, su taya ɗibar yashi.

Ranar ba gidan da aka ɗora tukunya. Aka wuni da fura da gumba da garin kwaki, yara na ƙorafi. Wata mai jego da ba a dafa mata ruwan wanka ba ta aiko a tambayi direba ko da saura. Munzali ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Sai bayan la'asar sakaliya tankar Kano ta iso. Aka jona tiyo, aka fara juye, Munzali na tsaye yana kallon tankin yana sauƙi, ana kwashe ɗakunan cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama, janwe ya ɗaure motar Munzali ya ja. Ta yi ƙara, laka ta sake ta, ta hau titi ta tsaya cak a kan ƙafafunta.

Munzali ya zauna daɓas a gefen kwalta, ya rufe fuska da hula, yana ta hamdala, hawaye na bin gemunsa.

"Malam direba, a hura wuta?" mai unguwa ya tambaya.

"A bari a kwashe yashin nan a kai bayan gari, ranka ya daɗe. Sannan a hura."

Aka kwashe kafin magariba. Ya je ya durƙusa gaban Inna Murjanatu, ya ce bai san da wane baki zai gode mata ba. Ta ce ya tashi, ƙullunta ya riga ya yi tsami, ba mai saye, don haka shi zai cinye. Ta hura wuta ta toya, ta cika masa kwano. Ƙosan ya yi tsami kuwa ƙwarai. Ya ci goma sha huɗu, ya sha ruwan randa, sannan ya kira matarsa a Kazaure ya ce ta sa masa ruwan wanka gobe da hantsi.